Loma Ta Bakwai

Ranar Lahadi da hantsi rahoton ya iso ofishin 'yan sanda na Funtua, amma kafin ya iso an riga an kai mamacin makwancinsa.

Insfekta Awaisu Ƙarfi na zaune, ya tuɓe takalmi ɗaya yana murza ƙafarsa da ta kumbura. Kwana huɗu ya yi a daji yana bin sawun ɓarayin shanu, ya dawo ko kofato bai kamo ba. Shekara ashirin da uku cikin kaki ta koya masa cewa gajiya ma tana haihuwa, kuma duk 'ya'yanta a gadon bayansa suke kwana. A safiyar nan ba abin da yake so a duniya irin tabarma da inuwar darbejiya.

Saje Chinaza ce ta katse masa hutun. 'Yar Ibo ce haifaffiyar Funtua, Hausa ta fi zama a bakinta fiye da yaren iyayenta. Ta shigo da wani dogon mutum mai kimanin shekara arba'in, idanunsa jajur saboda kuka.

Sunansa Talha. Shi ne mai kula da siton Alhaji Maitama, babban manomin masara a Malumfashi, shi ne kuma direbansa. A gidan Alhajin ya tashi tun yana maraya. Ya ce jiya Asabar bayan azahar ya kawo Alhaji da 'yarsa Shafa'atu cin abinci a wani wuri da ake kira Kujera Shida, inda wani Bayarabe ke ba mutane ɗanyen kifi irin na ƙasar Japan. Su ukun suka ci. A hanyar komawa, ko Bakori ba su kai ba, Alhaji ya fara amai yana dafe ƙirji. Kafin magariba rai ya yi halinsa a asibiti.

"Likita ya ce me?" in ji Insfekta.

"Ya ce guba ce. Ya ce bakin Alhaji warin ruɓaɓɓen kifi yake yi. Yallaɓai, ni ma na ji da hancina."

An so a bincika gawar, dangi suka ce ba wanda zai sa wa ɗan'uwansu wuƙa. Ƙarfe takwas aka yi jana'iza.

Bayan Talha ya sa hannu a takarda ya fita, Chinaza ta ƙara da nata. Tun da sassafe samari suka taru a ƙofar Kujera Shida da galan ɗin fetur, dole aka ɗauko mai wurin aka sa shi bayan kanta kafin su gasa shi a madadin kifinsa. DPO kuma ya ce gobe Litinin a kai shi kotu da laifin kisa, gari ya huta.

"Oga, mutum ya bar tuwo da miyar kuka ya je cin kifin da bai ga wuta ba," in ji ta. "Ko mage ai sai ta shinshina."

Insfekta bai yi dariya ba. Ya mai da ƙafarsa cikin takalmin a hankali, kamar mai mai da ɗan fursuna kurkuku.

Sunan mai wurin Habeeb Azeez, ɗan shekara talatin da uku. Shi ma haifaffen Funtua ne, uwarsa na sayar da robobi a kasuwa. Lodin kayan gyaran mota ya kai shi Japan, ƙaddara ta jefa shi kicin. Ya ce shekara uku ya yi yana wankin shinkafa kafin maigidansa ya bar shi ya taɓa wuƙa. Bayan shekara tara uwarsa ta kwanta ciwo, ya tattara ya dawo, ya buɗe ɗaki ɗaya mai kujera shida da ba ya buɗewa sai Asabar. Masu zuwa daga Kaduna da Kano sun fi 'yan gari yawa.

A kan benci suka same shi zaune a bayan kanta, ya ɗora hannuwansa bisa gwiwoyinsa kamar kayan aro da yake tsoron su lalace.

Insfekta ya ce ya faɗa masa abin da Alhaji ya zaɓa ya ci.

Habeeb ya ce a wurinsa ba a zaɓe. Baƙo zai zauna ne ya ce "na bar maka," shi ke nan, sauran na mai wuƙa ne. Sushi sunan abincin. Loma goma sha biyu ce, ɗaya bayan ɗaya, daga mai sanyin ɗanɗano zuwa mai maiƙo. Kowace loma da hannunsa yake dunƙula 'yar shinkafa mai tsami, ya ɗora yankan kifi, ya ajiye gaban baƙo, a cinye kafin ɗumin hannun ya bar ta. Kifin cikin ƙanƙara yake zuwa daga Legas ta jirgi, shi da kansa yake zuwa Kano ɗaukowa ran Juma'a. Dokarsa uku ce: ba turare, ba waya, ba yaji.

"Ba yaji? A Funtua?"

"Yaji yana rufe bakin kifi, Yallaɓai. Ba a jin abin da yake faɗa."

Chinaza ta dubi rufin ɗaki tana riƙe dariya.

Habeeb ya ce daga tsoka ɗaya ya yanka wa su ukun, kuma kowane kifi sai ya ɗanɗana kafin ya ba baƙo. In da kifi ne, ai da gawa huɗu za a ɗauka.

"Ba wani abin da ya faru a teburin?"

Ya yi tunani. Ya ce a loma ta bakwai direban ya ture kofin shayi, ya zube kan lomar Hajiya Shafa'atu, sai da ya sake mata wata. Bai ga laifinsa ba, kofunan ba su da mariƙi, ba kowa ya saba ba.

"Alhaji ya ƙara wani abu a abincinsa?"

"A'a."

"Mene ne tsakaninka da gidansu?"

"Baƙi ne kawai."

Amsoshin biyu sun fito da sauri, idonsa kuma ya koma kan hannuwansa. Insfekta ya sha jin ƙaryar mai ɓoye laifinsa, tana da kauri da rantse-rantse. Wannan siririya ce, tana rawa. Ƙaryar mai ɓoye wani mutum ce.

Samarin sun watse lokacin da suka isa Kujera Shida, sun bar gilashin taga a farfashe. Ciki kuwa sai ka ce ba a Funtua ba. Dogon katako ne fari fat, sumul kamar tafin jariri, kujeru shida a jere gabansa, wuƙaƙe uku kwance kan farin ƙyalle. Chinaza ta ce ɗakin tiyatar da aka yi mata aiki bai kai nan tsabta ba.

Suka buɗe firji. Ragowar kifin na nan cikin ƙanƙara, ja da fari da ruwan hoda. Insfekta ya kai hancinsa, bai ji komai ba sai sanyi. Suka duba kwalabe da gwangwanaye, ba ko ƙwayar barkono a kicin ɗin.

A bayan ƙofa akwai kwandon ƙananan tawul ɗin da ake ba baƙi su goge hannu. Chinaza ta juye shi. Can ƙasa, an cusa wani tawul an nannaɗe, da jan shatin yatsu a jikinsa. Da ta warware sai ga ɗan ƙullin leda da ragowar jan gari.

"Yaji," in ji ta. "Bahaushe dai ko Makka ya je."

Insfekta ya karɓa, ya riƙe nesa da fuskarsa, ya kaɗa iskar da hannu. Barkono. Tafarnuwa mai yawa, wadda ta wuce misali. Can ƙarƙashinsu kuma wani wari, kamar kifin da ya kwana uku a rana.

Ya tsaya cak. Ba ya cikin ɗakin kuma. Yana can garinsu Ƙarfi, yana ɗan shekara takwas, babansa na cusa wasu ƙwayoyi masu ruwan toka da aka naɗe a tsumma tsakanin buhunan wake don kada ƙwari su ci. Ranar da ya ɗauki ɗaya yana wasa, ranar ce kaɗai babansa ya taɓa dukansa, yana dukan yana hawaye.

"Wannan ba warin kifi ba ne, Saje," ya ce. "Warin sito ne. Maganin hatsi. Je ki wanke hannunki da sabulu."

Da suka ajiye ledar gaban Habeeb a ofis, bai yi gardama ba. Ya ce daga tsakiyar cin abincin ya ga Alhaji na barbaɗawa a ɓoye duk lokacin da ya juya baya, ya yi kamar bai gani ba. Yaya zai tsawata wa mutumin da ya gayyato don ya nemi 'yarsa? Shekara ɗaya ke nan suna magana da Shafa'atu. Alhaji ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai san sana'arsa ba, shi ya sa ya zo ya gani da idonsa. Da labarin rasuwar ya zo, shi ne ya naɗe ledar a tawul ɗin ya cusa ƙasan kwando.

"Saboda me? Wannan ledar ce kaɗai za ta fitar da kai."

Habeeb ya sunkuyar da kai.

"Wa ke daka wa Alhaji yaji?"

Hawaye ya sauko masa har gemu, bai share ba.

"Yallaɓai, ku kai ni kotu goben."

Insfekta ya tashi ya fita. A mota ya jingina kai da kujera, ya lumshe ido, ya ce wa Chinaza ta ja su Malumfashi. Gefen hanya duk masara ce an karya an tara, kaka ta yi kyau, amma ko ɗaga ido bai yi ya duba ba.

Ƙofar gidan Alhaji Maitama cike take da masu zaman makoki bisa tabarmi. Suka yi gaisuwa, aka yi addu'a, sannan Chinaza ta shiga ciki ta janyo Shafa'atu zuwa wani ɗaki kusa da zaure. Insfekta ya zauna daga bakin ƙofa.

Malamar makaranta ce, shekarunta talatin. Mijinta na fari ya rasu a haɗarin mota shekara huɗu da suka wuce, tun lokacin take gidan mahaifinta. Kuka ya ƙare mata, ya bar fuskar a bushe kamar gona bayan girbi.

Ta ce ba ta ga komai ba. Ta ce Baba bai ƙara komai a abincinsa ba.

Chinaza ta matsa kusa da ita, ta yi ƙasa da murya. Ta gaya mata an sami yajin, akwai guba a ciki, kuma akwai wani mutum a bayan kanta da ya zaɓi a kai shi kotu da laifin kisa a kan ya faɗi sunan mai daka yajin.

Shafa'atu ta rufe baki da mayafi. 

"Ya zaci ni ce," ta ce. "Ya zaci ni ce, kuma ya yi shiru."

Sai magana ta ɓalle. Tun rasuwar mahaifiyarta ita ke daka wa Baba yaji, ba ya fita ba ƙulli a aljihu. Amma jiya kafin su fita ta sa hannu a aljihun rigarsa ta cire, ta ce ba zai kunyata ta ba. Ta buɗe jaka ta miƙo ƙullin, ko kwancewa ba a yi ba. Insfekta ya shinshina. Barkono da citta da ƙuli-ƙuli, ba ko ɓurɓushin tafarnuwa. Ta ce ba ta taɓa sa masa tafarnuwa ba.

Ta yi shiru ne don ta ɗauka kifin ne. Ta ga in ta ta da zancen yaji, za a ce gawar ubanta ba ta huce ba tana wanke saurayi.

"To ina ya samo na biyun?"

Ba ta sani ba. Ita dai ta ga Baba ya ci loma shida yana ɓata fuska yana cewa abin da daɗi amma kamar ba a gama ba. A ta bakwai, da Habeeb ya juya ɗauko kifi, sai ga leda ta fito daga hannun riga. Ya barbaɗa, ya ci, ya raɗa mata cewa wannan bai kai nata ba, amma da babu gara ba daɗi.

Ta yi wani ɗan murmushi mai ciwo.

"Sai ya miƙo mini. Ya ce, ungo, ki zama abokiyar laifi, kada ki tona ni. Na tara lomata ke nan shayi ya zubo."

Ta ce da aka gama, Baba ya riƙe hannun Habeeb da hannu biyu, ya ce duk wanda ya iya haƙurin wankin shinkafa shekara uku zai iya riƙe mace, ya turo magabatansa bayan kaka.

"Ya miƙa wa Talha yajin?" in ji Insfekta.

"Ya miƙa masa. Ya ce ya gode, ba ya so." Ta ɗan girgiza kai. "Yaya Talha da ko mangwaro sai ya barbaɗa masa..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta ji abin da bakinta ya faɗa, kuma Insfekta ya ga lokacin da ya isa zuciyarta. Ya kau da kai, don akwai abin da bai kamata ko ɗan sanda ya kalla ba.

Da ya tambayi inda Talha yake, aka ce tun dawowarsa daga Funtua bai zauna kan tabarma ba, yana sito.

Siton na ƙarshen layin. Suna tura ƙofar, warin ya tare su. Talha na zaune bisa buhun masara, makullai a hannunsa, yana kallon ƙasa.

Insfekta ya ja wani buhun ya zauna, don ƙafar ta ƙi ɗaukarsa.

"Malam Talha, ka ce mini kun ci abu ɗaya ku ukun."

"Haka ne, Yallaɓai."

"Ba ka gaya mini Alhaji ya sa yaji ba."

"Ban lura ba."

"Ya miƙo maka. Ka ce ba ka so."

"Cikina ne ba daɗi."

"Cikinka ba daɗi, ka cinye ɗanyen kifi loma goma sha biyu?"

Talha ya juya makullan.

Chinaza ta ɗauko wani gwangwani daga kan taga da bakin ƙyalle, ta nuna masa. Maganin hatsin ne. Gefensa ga ƙaramin turmi, ga ɓawon tafarnuwa a ƙasa ba a share ba.

"Kowane sito akwai wannan," in ji Talha. "Ku zaga Malumfashi ku gani."

"Gaskiya ne," in ji Insfekta. "Kowane sito akwai. Abin da ba kowane sito ke da shi ba, mutumin da ya yi shekara ashirin yana tuƙi hannunsa bai taɓa rawa ba, sai a loma ta bakwai. Loma shida kofin na gabanka bai faɗi ba. Alhaji ya barbaɗa ya ci, bai faɗi ba. Sai da ta tara hannu."

Makullan suka daina motsi.

"Ba don kai ba da gawa biyu aka binne yau. Na san wannan. Ita ma yanzu ta sani."

Talha ya ɗago. Abin da ke fuskarsa ba tsoro ba ne, wani abu ne kamar na wanda ya daɗe da kaya a ka aka ce ya sauke.

"Ta sani?"

"Ta sani."

Sai ya faɗa, da murya ƙasa-ƙasa, yana kallon buhunan. A kan kekensa yake kai ta firamare. Ranar aurenta na fari shi ya tuƙa motar amarya, ya dawo ya kwana a siton nan. Da mijin ya rasu ya ce Allah ya ba shi dama ta biyu, ya yi shekara huɗu yana jiran bakinsa ya buɗe, bai buɗe ba. Yaron gida ne shi, Yaya take ce masa. Ran Alhamis Alhaji ya ce masa a mota, Talha, ƙanwarka ta kusa, kai ne za ka tsaya kan hidimar.

Ya san za ta cire yajin, ya san Alhaji ba zai iya ci babu ba. Ya daka nasa, ya kankare 'yar ƙwayar a ciki, ya cika tafarnuwa don ta rufe warin, ya saƙa wa Alhaji a hannu lokacin da yake buɗe masa ƙofar mota. Alhaji har ya sa masa albarka.

"Zawo kawai na so, Yallaɓai. Ya kwana biyu yana zagayawa, a ce kifin Bayarabe ne, zance ya mutu. Maganin nan fa a wake muke sa shi, mu ci waken. Ɗan kaɗan na sa. Wallahi ɗan kaɗan."

Ya ci gaba, idonsa na kan buhunan.

"Da ya fara amai a mota, murna na yi. Har na kusa yin dariya. Sai da na duba madubi na ga idonsa."

"Kuma da safe ka zo ofishina ka ɗora wa wani."

"Na ce tunda na rasa uba, kada in rasa ta ita ma."

 Can waje wata mota ta wuce da lodin buhuna.

Chinaza ta ciro ankwa. Ba ta yi masa ba'a ba, ita da ba ta barin kowa. Talha ya miƙo makullan sito, ya rasa wanda zai ba, sai ya ajiye su bisa buhun da ya tashi, sannan ya haɗa hannuwansa.

Insfekta ya kira DPO daga bakin ƙofa. Ya ce a buɗe wa Habeeb, a fitar da shi ta baya, a sa kurtu biyu su raka shi gidan uwarsa. Ya ce mai laifin na hannu, ya amsa da bakinsa.

Talha ya roƙi kada a bi da shi ta ƙofar gida. Chinaza ta dubi Insfekta. Layin ba shi da wata mafita.

Motar ta biyo a hankali saboda tabarmi sun ci rabin hanya. Daidai lokacin wasu sababbin masu gaisuwa suka iso, liman ya ce a yi wa Alhaji Fatiha, hannuwa suka tashi gaba ɗaya. A bayan mota Talha ma ya ɗaga nasa, ƙarfen na ƙara, leɓɓansa na motsi tare da na jama'a.

Kowa ya shafa. Shi nasa hannuwan suka tsaya a sama, ya kasa kai su fuskarsa, har motar ta hau titin Funtua.